Muryar da Ta Kira Azariya

Shekara talatin da ɗaya Mama Serah ta yi tana haɗa waƙar sallamar matattu, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa saka sunan mai rai cikin waɗanda suka tafi ba. Abin da aka san ta da shi ke nan daga Kafanchan har Kwoi da Manchok. Ba ta da shago, ba ta da gonar citta, mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta biyu suna Kaduna suna ta kansu. Wannan sunan shi ne dukiyarta, kuma tana ji da shi fiye da yadda ya kamata mace mai tsoron Allah ta ji da abin duniya. Ita ma ta san haka.

Ga yadda abin yake a gidajen da take yi wa waƙa. Idan dattijo ya rasu, kafin a saukar da akwatin cikin kabari, sai 'yan Zumuntar Mata su kewaye shi da tulunan kiɗa da caki. Mai ba da waƙa ta faɗi halin mamacin, ta yabe shi inda ya cancanta, ta ɗan tsokane shi inda ya yi rowa ko faɗa, a yi dariya cikin hawaye. A ƙarshe sai ta ba shi saƙo: idan ka isa, ka gai da wane, ka gai da wance. Ta jero duk 'yan gidan da suka riga shi tafiya, ɗaya bayan ɗaya, mata suna amsawa. Fastoci sun yi ƙorafi a kan saƙon nan a shekarun baya, suka ce matattu suna hannun Ubangiji, ba sa bukatar ɗan aike. Da iyayensu suka fara mutuwa, su ma wurin Serah suka zo.

Wahalar aikin duk tana cikin sunayen. A gida ɗaya sai ka tarar da masu suna ɗaya har uku, kaka da ɗa da jika, ɗaya yana kabari, ɗaya yana Legas, ɗaya yana rarrafe a tsakar gida. Saboda haka Serah ba ta karɓar suna a takarda. Zuwa take yi gidan makokin ta zauna kwana biyu ko uku cikin tsofaffin mata, tana taya su ɓarar gyaɗa ko tsince acca, tana sauraro. Duk sunan da zai shiga bakinta sai ta tambayi mutum uku, kowa a keɓe: "Yana nan, ko ya tafi?" Idan biyu suka ce ya tafi, na uku ya yi inda-inda, sunan ba ya shiga. Da farko naci ake ce mata. Da shekaru suka ja ba a kama ta da kuskure ba, sai tsofaffi suka fara cewa Allah ne ya ba ta gani. Serah ta san tambaya ce kawai, ba wani gani, amma ba ta taɓa gyara musu maganar ba, don tana yi mata daɗi.

Wata Litinin a tsakiyar damina Celestine ya faka mota a ƙofar gidanta. Ɗan Baba Kumai ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya rasu sati biyu kafin nan, gawarsa tana mocuwari tana jiran 'ya'ya su hallara. Celestine a Abuja yake aiki, irin mutanen nan da ke gaishe ka suna duban agogo.

"Mama, sannu da gida. Ran Juma'a za mu bizne Baba a ƙauye, bayan Kwoi. Muna so ki yi mishi waƙa."

"Sannu da haƙuri, ɗana. Ubangiji ya ta'azantar da ku. Jibi zan tafi ƙauyen in zauna."

"Ai ba sai kin sha wahala ba, Mama. Komi yana nan." Ya miƙo mata littafin jana'izar, mai sheƙi, da hoton Baba Kumai a bango sanye da hular aikinsa. "Tarihin shi, sunan 'yan'uwan shi, duka. Ki haɗa a gida kawai, gobe a ɗauki muryan ki. Muna so mu sa a bidiyo tun kafin ranan."

Serah ko taɓa littafin ba ta yi ba. Ta ce, "Ba na waƙa daga takarda."

"Mama, zamani ya canza fa."

"Na ji. Jibi zan tafi."

Washegari ya bugo mata waya ya ce kada ta damu, sun riga sun shirya. Abin ya yi mata ciwo, ba za ta ɓoye ba. Ta ɗauka wata yarinya mai zaƙin murya suka samo daga wata majami'a. Ta goge zanin Zumuntarta, ta ce a ranta za ta je bison ko don ta ji yarinyar ta yi tsaki.

Ranar Juma'a hadari ya haɗu amma ruwa bai sauko ba. An kafa rumfuna huɗu a bakin gonakin citta, janareta tana ta ƙugi a bayan gida, ga manyan sifiku biyu a kan tebur. A kujerar gaba aka zaunar da Baba Azariya, ƙanin mamacin, wanda shi kaɗai ya rage cikin 'yan ɗakinsu. Tsoho ne mai shekara tamanin da wani abu, idonsa ya yi yana, 'yarsa Clara tana tsaye a bayansa tana riƙe masa lema. Serah tana can baya cikin 'yan Zumunta, tana waige-waige ko za ta hango yarinyar da ta karɓe mata aiki. Fasto ya gama wa'azi, aka ɗauki akwatin zuwa bakin kabari, sai mai sanarwa ya ce yanzu za a saurari waƙar sallama.

Kiɗan tulu ya fito daga sifika. Sai murya ta biyo baya.

"Kumai, Kumai, jirgi ya busa, tashar ƙarshe ta yi kira."

Serah ta ji kamar an watsa mata ruwan randa a gadon baya. Muryarta ce. Ba mai kama da tata ba, tata ce, har da 'yar shaƙewar nan da take yi kafin ta miƙa wa mata amshi, har da yadda take jan ƙarshen suna. Ta kai hannu ta taɓa maƙogwaronta, bakinta a rufe yake. Matar da ke kusa da ita ta zungure ta da gwiwar hannu tana murmushi, ta ce, "Mama, ashe kin shiga situdiyo ba ki gaya mana ba!"

Serah ta ƙura wa sifikar ido. Tsoro ya kama ta, kuma abin da ya fi tsorata ta shi ne waƙar ta yi daɗi. Ƙarya ce dai a cikinta. Waƙar ta ce Kumai mutum ne mai sanyin hali, alhali duk ƙauyen sun san ya taɓa bin wani ɗan okada da tsinin lema har bakin kasuwa. Amma wa ya damu? Mata sun kama amshi tun a baiti na biyu, tuluna na gaske sun shiga cikin na sifika, matar Celestine tana share hawaye. Babu wanda ya ji wani abu ya ɓace.

Sai aka zo wurin saƙo.

"Idan ka isa, ka gai da Hephzibah, matarka ta ƙuruciya."

Mata suka amsa, "Ka gai da ita."

"Ka gai da Yafet, wanka."

"Ka gai da shi."

"Ka gai da Jonathan."

"Ka gai da shi."

"Ka gai da Azariya, ƙaninka."

Rabin matan sun riga sun amsa kafin su ji abin da suka amsa. Tuluna suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Sifikar dai ba ruwanta, ta ci gaba, har ta maimaita sunan da daɗin murya, kafin wani ya ruga ya fizge wayar. Baba Azariya ya miƙe tsaye, abin da ya daɗe bai yi ba sai an kama shi. Sandarsa ta faɗi. Ya juya farin idonsa yana neman inda 'yan Zumunta suke, kuma duk taron suka juya tare da shi.

"Ba ni ba ce," in ji Serah. Muryar da ta fito daga bakinta ƙarama ce, mai rawa, ko kusa ba ta kai ta sifika kama da Serah ba. Matar da ta zungure ta ɗazu ta matsa gefe taku ɗaya. Daga nan ruwa ya sauko, aka saukar da akwatin da hanzari, kowa ya nemi rumfa.

Ranar Asabar da safe ta samu shagon da aka yi abin. Ba wuya, sunan shagon yana bayan littafin jana'izar. Na Chinedum ne, mai buga katin biki da ɗaukar bidiyo, kusa da tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgi. A Kafanchan aka haife shi, kakansa ne ya zo aikin reluwe daga kudu, kuma Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Zumunta kyau. Serah ta san shi tun ba shi da gemu. Shekara goma yana bin ta bison duniya da kyamara, ita kuwa in ta hango shi har gyara ɗankwali take yi.

Yana ganinta ya miƙe ya ba ta kujerarsa. "Mama, ki yi haƙuri. Wallahi tun jiya ban samu kaina ba. Kuskure ne. Tarihin ya ce Baba yana da 'yan'uwa uku, Yafet, Jonathan da Azariya. Bai ce wa ya mutu, wa yana nan ba. Ni kuma ban duba ba."

"Wa ya rera?"

"AI ne, Mama. Kwamfuta. Na ba shi tsofaffin bidiyon ki, ya koyi muryan ki da yadda kike jera waƙa. Sai na ba shi tarihin."

"Wa ya ba ka muryata?"

Ya sosa ƙeya. "Oga Celestine ya ce ba ki da lokaci. Ni na ɗauka girmamawa ne, Mama. Kowa muryan ki yake so."

"Nuna mini."

Bai so ba, amma ta kafe shi da ido. Ya sunkuya ya ɗan taɓa allon rubutu, bai kai lokacin da ake ɗauka a ɗaura zani ba, sai ga Serah daga cikin 'yar sifikar tebur tana cewa, cikin fara'a, "Barka da asuba, mutanen Kafanchan. Ku zo shagon Chinedum a yi muku aiki mai kyau." Tsigar jikinta ta tashi. Ta damƙe hannun kujera, don ji ta yi ɗakin yana juyawa.

"Duk abin da ka rubuta zan faɗa?"

"Duk abin da aka rubuta, Mama."

"Ko zagi?"

Ya kawar da kai wajen kwamfutar.

"Ko bayan na mutu?"

Sai ya yi saurin cewa ya riga ya gyara waƙar, ya cire sunan, ya aika wa dangin sabuwa. Ya ce in tana so zai goge muryarta daga kwamfutarsa yanzu a gabanta. Ta ce ya goge. Ya goge ɗin, sannan ya faɗi gaskiya, don ba mugun mutum ba ne: bidiyoyinta suna cikin wayoyin mutane sama da dubu, kuma duk wanda ke da waya da data zai iya yin abin da ya yi. Serah ta fito titi tana kallon masu wucewa, kowa da waya a hannu ko a aljihu. Kwana uku take kashewa a kan waƙa ɗaya, da ciwon baya da cizon sauro a gidajen mutane. Wa zai ƙara jiran kwana uku?

Lahadi a majami'a aka gaishe ta, amma gaisuwar ba ta da tsawo. Bayan sujada ta tsaya a gaban 'yan Zumunta ta yi bayani dalla-dalla. Masu 'ya'ya a jami'a suka gyaɗa kai, suka ce sun taɓa jin irin wannan. Tsofaffin suka ce to, Allah ya kyauta. Duk da haka ta koma gida da ɗan ƙarfin gwiwa. Gaskiya tana hannunta, akwai shaida, Chinedum ya yarda zai faɗa a gaban kowa. Sunanta zai wanku, ko da a hankali.

Litinin da hantsi Clara ta yi sallama. Ta rame cikin kwana ukun nan, takalminta duk jar laka. Ba ta zauna ba.

"Mama, Baba bai ci abinci ba tun ran Juma'a. Ruwa ma sai da faɗa. Ya raba fartanyan shi da garman shi, ya nuna mana rigan da za a sa mishi."

"Ba a gaya masa kuskure ne ba?"

"Celestine ya kira daga Abuja ya yi bayani, Baba ya ce a cire mishi waya a kunne. Mun sa mishi sabon waƙan da babu sunan shi, ya ce wanda aka kira an kira shi. Fasto ya yi addu'a. Mun kawo nas, ya ƙi allura." Muryarta ta karye. "Maganan shi ɗaya ne, Mama. Wai Serah ba ta kuskure. In ta kira shi, gani ta yi."

Gaban Serah ya faɗi. Maganar nan da ta yi shekaru tana jin daɗinta, ita ce yau take kashe tsoho. Ta ɗauki jakarta ko ƙofar kicin ba ta tsaya rufewa ba.

Suka hau bas zuwa Kwoi, daga nan okada ta bi da su ta cikin gonaki. Duk hanya Serah tana shirya bayaninta, tana neman kalmomin da tsoho zai gane. Da suka isa, tsakar gidan cike yake, kamar makoki na biyu ya fara tun mai shi bai tafi ba. Dattawan ikilisiya suna kan benci, matan ƙauyen suna jingine da rumbu. Suka amsa gaisuwarta ƙasa-ƙasa, kuma da ta shiga ɗakin suka taso suka cika bakin ƙofa da taga.

Baba Azariya yana kwance a kan gadon ƙarfe, an rufe shi da bargo har ƙirji. Leɓensa ya bushe ya tsage. Ga kofin kunu a kan kujera, ya huce, ƙuda yana yawo a bakinsa. Serah ta durƙusa.

"Baba, sannu da jiki. Ni ce Serah."

"Na san ki." Muryarsa kamar ana jan busasshen ganye a ƙasa. "Kin zo ki zauna ne? Ki tambaye su, za su gaya miki halina. Ban ci na kowa ba."

"Ba zama na zo yi ba, Baba. Gaskiya na zo gaya maka. Waƙar nan ba ni na yi ba."

"Muryan ki ne."

"Muryata ce, amma ba ni ba ce. Wani inji ne ya kwaikwaye ni."

"Kamar rediyo? Rediyo ai abin da mutum ya faɗa yake faɗa."

"A'a, Baba. Wannan ba a faɗa masa ba. Shi ya haɗa kalmomin, shi ya rera."

 Serah ta ga tsohon yana juya maganar, sai ta ɗan ji sanyi a ranta, ta ɗauka ta fara shiga.

"Wane mutum ne a cikin injin?"

"Babu mutum."

"Wanda ya buɗe baki ya ce Azariya. Wane ne?"

"Ba wanda ya buɗe baki, Baba. Ba kowa."

"Ba kowa," ya maimaita. Sai bargon ya fara rawa. Da farko ta zaci sanyi ne, sai ta ga ƙafafunsa ne ke karkarwa har gadon yana ƙara. Ya laluba ya damƙe hannunta da ƙarfin da ba ta yi tsammani ba, idonsa a buɗe yana kallon rufin kwano.

"Kwana uku ina kwance ina cewa, da Serah za ta zo, da na roƙe ta. Ko gani ta yi, mutum ce, tana da baki, za ta iya roƙa mini Ubangiji, za ta iya janyewa. Yanzu kin ce ba mai rai ne ya kira ni ba. Murya ba maƙogwaro, a bakin kabari, ya san sunana, ya kira sau biyu." Numfashinsa ya fara sama-sama. "To wa ya kira ni, Serah? Wa zan roƙa?"

Wata tsohuwa a bakin ƙofa ta ce, "Yesu!" Clara ta faɗa kan gadon tana kiran Baba, Baba. Ya saki hannun Serah, ya juya fuskarsa bango, ya dunƙule kamar yaro.

Serah ta tsaya a durƙushe, gwiwoyinta suna mata zafi a kan siminti. Ta ga mutuwa kusa-kusa sau ɗaruruwa, ta san kamanninta a jikin tsoho, kuma ta san wannan ba zai kai Laraba ba. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta zo da gaskiyarta a hannu don ta wanke kanta, ga shi gaskiyar ta ƙara tura shi bakin rami. Za ta iya kawo Chinedum da kwamfutarsa, ya sake ɗora muryarta, ya sa ta yi magana a ɗakin nan bakinta a rufe. Kowa zai yarda da ita, sunanta ya fita fes. Tsohon kuwa a nan take zai cika.

Ta waiga. Fuskoki sun cika ƙofa, dattawa, matan da za su kai labari Kwoi kafin la'asar, Kafanchan kafin gobe. Ta san abin da za ta faɗa, ta san kuma ba a faɗinsa a dawo da shi. Ta roƙi Ubangiji gafara a zuciyarta, don ƙarya zunubi ce ko da wane dalili. Sannan ta ɗaga murya yadda na bakin rumbu ma za su ji.

"Baba Azariya, ka juyo. Ƙarya na yi maka yanzun nan."

Bai motsa ba.

"Kunya ce ta sa na laƙa wa inji. Ni ce. Ni na shiga ɗakin ɗaukar murya na rera da bakina. Ban zo na zauna ba, ban tambayi kowa ba. Celestine ya kawo mini takarda, na ji ƙyuya, na karanta sunaye na rera. Ban ga komai ba, Baba. Ban taɓa ganin komai ba tun da nake. Kuskure na yi."

 Clara ta ɗago kai ta kalle ta. Clara ta ji bayanin Celestine, ta san gaskiya, bakinta ya buɗe. Serah ta girgiza mata kai kaɗan, sai ta mayar da bakin ta rufe, hawaye suna zuba.

Gadon ya daina ƙara. A hankali tsohon ya juyo.

"Ke?"

"Ni."

"Daga takarda?"

"Daga takarda, Baba."

"Kumai da ya yi shekara talatin da biyar yana bautan jirgi, ki kasa zuwa ki zauna mishi kwana biyu?" Muryarsa ta fara dawowa, kuma fushi ne ya dawo da ita. "Ki tsaya gaban jama'a ki aika ni lahira don ƙyuya? Ni da nake zuwa coci da ƙafana?"

"Na yi laifi, Baba. Ka yafe mini."

"Kin janye?"

"Na janye. Sunanka ba ya cikinsu. Kana nan."

"Ki faɗa su ji."

Ta juya wajen ƙofa ta ce, "Azariya yana nan, bai tafi ba. Ni Serah na yi kuskure." Ta ji maganar tana wucewa daga baki zuwa baki har tsakar gida. Wata ta ce, "Ashe!" Wata ta ce dama ta daɗe tana zargin tsufa ya fara taɓa matar nan. Ɗaya daga cikin dattawan ya yi tsaki, ya koma bencinsa.

Baba Azariya ya ce a tashe shi zaune. Ya ce wannan kunun ya huce, shi ba kare ba ne, a ɗumama masa. Clara ta fita da gudu ta dawo da kofin yana tururi, ta riƙe masa. Ya kurɓa, ya tsaya, ya ƙara kurɓa, har ya sha rabi. Serah tana nan a durƙushe tana kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. Ba wanda ya ce ta tashi, ba wanda ya miƙo mata kujera.

Da ya goge bakinsa da bayan hannu, ya juyo da farin idonsa wajenta. Fushin ya sauka, sai tausayi, wanda ya fi fushin zafi.

"Na yafe miki, Serah. Dukanmu 'yan adam ne." Ya numfasa. "Amma Clara, ki ji da kyau, ku ma na ƙofa ku zama shaida. Ranan da nawa ya zo da gaske, kada a kira Serah. A nemo wanda zai yi aikin da hankali."

"To, Baba," in ji Serah.

Ta dafa ƙarfen gadon ta miƙe da ƙyar. Mutanen ƙofa suka buɗa mata hanya, ta wuce ta tsakaninsu ta fita neman okada.